Jitar Duwala ta shiga raina, kuɗin kwanon Inna kuma suna hannuna

Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne a unguwar Yelwa a nan Garwa, shekaruna 24. Tun bara nake koyon kaɗa jita da ta abokina. Yanzu na kwashi adashi, na haɗa sefa dubu 110, ina son in mallaki tawa. Guda uku ne a gabana. Akwai sabuwa dal a shago, dubu 85, amma abokina ya ce katakon manni ce, kwali ne kawai aka shafa wa fenti. Akwai ta wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, shekara 4 tana hannunsa a nan garin, ya ce fuskarta katako ne zalla, sai dai ta ƙarzu a gefe, dubu 95. Ta ukun ita ce ta hana ni barci. Wani ne a Duwala ya turo mini hotonta ta WhatsApp, ya ce daga Faransa ta zo, gaba da baya duk zalla, bayan kuma na wani katako ne mai tsada da ake kira palisandar, dubu 260. Yayana da ke fataucin albasa zuwa kudu ya bar mini dubu 200 in sayi kwano a rufa wa Inna ɗaki kafin damina. Ina tunanin in ranci dubu 150 a ciki, in mayar idan kuɗin ɗinkin sallah sun shigo. Kawu, wane katako ne ya fi? Kuma me zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana.

Ka sa tambayar katako a gaba, ka lallaɓa ta kuɗi ka ajiye a baya. To ni da ta bayan zan fara. Kuɗin nan ba naka ba ne, kuma tun ranar da Yaya ya ce na kwano ne suka tashi daga nasa ma, suka zama na Inna. Rance sai da sanin mai abu. Idan za ka iya ɗaga waya ka ce, "Yaya, zan taɓa kuɗin ɗakin Inna in sayi jita," to kira shi ka ji abin da zai ce. Idan kuwa ka ji bakinka ya yi nauyi tun kafin ka danna lambar, ka riga ka san amsar. Batun ɗinkin sallah kuma, ai ka fi ni sanin yadda kuɗinsa ke shigowa: rabi a hannu, rabi "sai bayan sallah", ga ɗauke wuta, ga wanda zai karɓi kaya ya ɓace. Ruwan farko a Garwa ba ya jiran tela ya gama karɓar bashi, kuma da iska yake zuwa. Je ka sayi kwano a makon nan.

Amma kada ka ɗauka na raba ka da wata dukiya. Ko kyauta aka ba ka dubu 260 ɗin, ba zan ce ka tura su Duwala ba, kuma dalilin yana cikin katakon da kake tambaya a kai.

Ka dubi gurmi. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Jaki, wato ɗan abin nan da tsirkiya ke hawa, shi ke kai girgizarta kan fata, fatar ce ke magana, ƙoƙon kuwa aikinsa ya riƙe fatar ya tara iska. Haka jita take. Fuskarta, wato siririn allon nan mai rami da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, ita ce fatar. Baya da gefe su ne ƙoƙon. Tun 1862 wani maƙerin jita ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, wanda siffar jitar zamani ta samo asali daga hannunsa, ya ƙera wata da fuskar katako mai kyau, amma ya yi bayanta da gefenta da kwali. Ta yi sauti, kuma har yau tana ajiye a gidan tarihin kayan kiɗa na Barsalona. Ka gaya wa abokinka wannan, tunda shi ya fara kawo maganar kwali.

An sake gwada maganar a zamaninmu. A 2018 masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji. Maƙeri ɗaya ne ya yi jita 6, siffa ɗaya, fuska iri ɗaya, sai katakon baya da gefe ne kawai ya bambanta: palisandar na Brazil, palisandar na Indiya, mahogani, mapul, sapele da katakon gyaɗar Turawa. Aka kawo makaɗa 52, aka rage hasken ɗaki, aka sa musu tabarau irin na masu walda don kada su ga launi. Makin da suka ba jitocin kusan ɗaya ya zo, kuma da aka ce su tantance wannan daga waccan, da ƙyar suka iya. Tsakanin mafi tsada da mafi araha a cikin waɗannan katakai akwai tazarar kuɗi mai yawa, amma kunnen ƙwararru bai kama ta ba.

Ban ce duk ɗaya ba ne. Maƙera da makaɗa sun daɗe suna cewa palisandar yana ba da ƙasa mai zurfi da amon da ke daɗewa yana shawagi, mahogani ya fi fito da tsakiyar sauti a bushe ba ƙawa, sapele ɗan uwan mahogani ne sai dai ya ɗan fi shi kaifi, mapul kuma sautinsa na saurin yankewa. Akwai gaskiya a ciki. Amma tazarar ba ta kai wadda ke tsakanin tsohuwar tsirkiya da sabuwa ba, ba ta kai ta girman jiki ba, ba ta kuma kai ta yadda aka jera sandunan da ke tokare fuskar daga ciki ba. Mutumin da shekararsa ɗaya da fara kiɗa, ba katakon baya ne ke tsakaninsa da sauti mai daɗi ba.

To me ke sa palisandar tsada haka? Ƙaranci da ido. An sare na Brazil har sai da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta hana fataucinsa tsakanin ƙasashe a 1992. A farkon 2017 aka sa takunkumi kan sauran danginsa duka, kuma a shekarar ce madobiyarmu ta shiga jerin, saboda yadda ake kwasarta zuwa Sin. A 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, ban da na Brazil ɗin. Abin ido kuwa, ga misali daga gida. Baƙin katakon eboni da ake yi wa manyan jitoci allon wuya (inda yatsu ke danna tsirkiya) da jaki da shi, kaso mai yawa daga dazukan kudancin Kamaru yake fita. Ɗan uwan kanya ne. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifaniya suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde. Sai suka tarar masu sara kan kayar da itace wajen goma kafin su sami ɗaya baƙi ƙirin, sauran masu ratsin fari a bar su a daji su ruɓe, don kasuwa baƙi take so. Taylor ya fara sayen masu ratsin yana sa wa jitocinsa masu tsada, kuma babu abin da ya ragu a sautinsu.

Ni abin da kan ba ni dariya shi ne yadda muke raina namu. Sapele, wanda sunansa ya fito daga garin Sapele na Najeriya, da shi ake cika tireloli daga gabashin Kamaru zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala. Mahoganin Afirka da ake yi wa jita baya da wuya da shi, dangin maɗacin nan ne da ke ba mu inuwa a bakin titi, sai dai nau'in kurmi aka fi amfani da shi. A kai su Sin ko Indonesiya, a dawo mana da su an shafa mai, sai mu ce mu na Faransa muke so.

Fuska ita ce wurin da ya cancanci ka tsaya ka zaɓa. Galibi da sifurus ake yin ta, wanda masu Faransanci ke kira episiya, farin katako mara nauyi mai taurin tsaye, mafi yawansa daga gaɓar yammacin Kanada da Alaska. Yana jure duka: ka kaɗa da ƙarfi ya ƙara ɗaga murya, bai shaƙe ba. Na biyu shi ne sida, mai ɗan ja, wanda ya fi laushi. Yana amsawa ko da taɓawar yatsa ce kaɗan, sautinsa da ɗumi, amma farce ma na iya yi masa tabo, kuma in aka matsa masa da duka sai ya dushe. Akwai masu fuskar mahogani, ba su da ƙara sosai amma suna zama da muryar mai waƙa. A kuɗin da ke hannunka sifurus za ka fi samu, kuma ya ishe ka.

Sai batun zalla da manni. Fuskar zalla falle biyu ne na katako ɗaya, aka buɗe su aka haɗa a tsakiya. Ta manni kuwa siraran falle ne, galibi uku, aka ɗora wani kan wani da gam, jijiyar na tsakiya ta gitta ta sauran. Ta zalla ta fi sakewa wajen girgiza, shi ya sa ta fi amo, ta fi nuna bambanci tsakanin taɓawa a hankali da ta ƙarfi. A nan abokinka yana da gaskiya. Inda ya kuskure shi ne ya manta a wane gari kuke.

Masana'antun jita suna aiki ne a ɗakunan da danshin iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a wannan yanayi ake yanka katako a manna shi. Mu kuwa daga Disamba zuwa Maris, danshin iskar Garwa kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, sannan Maris da Afrilu su zo da zafin da ke haura digiri 40. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma fitarwa har abada, ko an shafa masa fenti, domin cikin jitar ba a shafe yake ba. Idan ya bushe sai ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Fuskar babbar jita faɗinta ya kai santimita 40. Daga danshin masana'anta zuwa na hunturunmu tana iya neman raguwa da milimita 2 zuwa 3. To ga ta an manne ta da gefe ta ko'ina, ga sanduna sun gitta ta ta ciki, ga tsirkiya shida suna jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70. Ba ta da inda za ta je. Da farko sai ta lotsa ciki, tsirkiya ta sauko ta fara zuza a kan ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan nan da aka jera a gicciye a kan allon wuya. Allon wuya ya tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo waje yana yankar hannu. Daga nan wata safiya ka buɗe jaka ka ga tsaga ta taso daga jaki ta nufi gindi. Katakon manni bai cika yin haka ba, saboda fallen da ya gitta yana riƙe 'yan uwansa. Shi ya sa a ƙasarmu jitar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce mai fuskar zalla da baya da gefe na manni: sautin yana inda ake bukatarsa, ƙarfin ma haka. Wadda take zalla gaba da baya wurin fashewa biyu gare ta, kuma palisandar na cikin masu tsagewa idan ya bushe.

Yanzu ka bi tafiyar da jitar Duwala za ta yi. Tana zaune a garin da danshinsa ke haura kashi 80 kusan kullum, ta sha ta kumbura. Za a sa ta a mota ko jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan a ɗaure ta a saman bas cikin buhuna da akwatuna, rana na dukanta kusan kilomita 280 har Garwa. Zafin saman mota kaɗai na iya sassauta gam ɗin jaki. Ta sauka a tsakiyar rani, cikin mako biyu ta zubar da ruwan da ta yi watanni tana sha. Saurin bushewar shi ne ke fasa katako, fiye da bushewar kanta. Wannan in ma abin da aka gaya maka gaskiya ne. Dubu 260 kusan yuro 400 ke nan, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Cire kuɗin jirgi, kuɗin kwastan da ribar mai sayarwa, ka tambayi kanka nawa aka saye ta a can, kuma me ya sa mai ita ya rabu da ita a haka. Jitoci da yawa da ake kira na palisandar, fallen waje ne kawai palisandar, siriri kamar takarda. Hoto ba zai nuna maka wannan ba, ba zai nuna ko wuya ya sunkuyo ba, kuma gyaran wuyan da ya sunkuyo ba aikin kafintan unguwa ba ne. Sayen kifi a ruwa ke nan.

Ta malamin ce ta ja hankalina, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka: shekara 4 a Garwa. Jitar da ta ga hunturu huɗu a nan ba ta tsage ba ta riga ta ci jarrabawar da sabuwar shago ba ta zauna ba tukuna. Ƙarzuwar gefe ba ta taɓa sauti, abin neman ragi ce kawai. Amma kada ka saya don na faɗa. Je gidansa da rana, da wayarka da katin banki ko makamancinsa guda huɗu da 'yar takarda, kuma kada ka ji kunyar daɗewa.

Fara da bakin ramin fuska. Karkata jitar ka dubi kaurin katakon a nan. Idan zalla ce za ka ga layukan jijiyar da ke saman fuskar sun gangara ta cikin kaurin har ƙasa. Idan manni ce za ka ga hawa-hawa kwance, ko ka tarar an shafe bakin da baƙin fenti don a ɓoye. Takardar da ke cikin ramin da lambar samfurin ma suna taimakawa. A bayanin masana'anta, in ba ka ga kalmar "solid" ko "massif" kusa da sunan katakon ba, to manni ne, komai daɗin sauran kalmomin.

Daga nan wuya, wanda a wurina ya fi katakon kowace fuska muhimmanci, domin jitar da ke cin yatsa ajiye ta ake yi. Ɗaure tsirkiya daidai tukuna. Ɗaga jitar ka hango daga kai zuwa jaki da ido ɗaya. Wuyan ya zama miƙaƙƙe ko da ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba, kada ya murɗe gefe. Sai ka zo ƙarfe na 12 ka zura katunan tsakaninsa da babbar tsirkiya. Kowane kati kaurinsa ya ɗan gaza milimita ɗaya, uku sun kai milimita 2.3. Idan uku sun shiga suna ɗan taɓawa, madalla. Idan huɗu sun shige da sauran fili, tsirkiyar ta yi sama. Wannan shi kaɗai ba ya kashe ciniki, sai ka duba farin ƙashin da ke kan jaki, wanda tsirkiya ke hawa. In yana da tsayi ana iya goge ƙasansa a rage. In kuwa tsirkiya na sama alhali ƙashin an riga an cinye shi har ya kusa nutsewa cikin jaki, wuyan ne ya sunkuyo. Yi wa malam godiya ka tafi, ko dubu 40 ya ce.

Ɗauki takardar ka gwada cusa ta ƙarƙashin jaki ta baya. Kada ta shiga. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa. Ɗan tudu a bayan jaki ba laifi ba ne, haka ake ƙera su, amma babban kumburi a baya da lotsawa a gaban jakin alamar sandar ciki ce ta saki. Ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa wuri-wuri. In ka ji wani abu na karkarwa a ciki, ita ce. Ku shiga ɗaki mai duhu, kunna fitilar waya ka sa a cikin ramin, tsagar da ido bai gani ba haske zai fito ta nan, musamman layin tsakiya inda falle biyun suka haɗu. Shafa hannu a gefen wuya ka ji ko ƙarafa na kama fata. Kaɗan abin gogewa ne, ba matsala ba. Sannan ka bi kowace tsirkiya gaɓa-gaɓa daga sama har ƙasa kana sauraren zuza. Buɗe manhajar saita sauti a wayarka: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a ƙarfe na 12. Allurar ta tsaya wuri ɗaya, ko kusa da haka. In ta yi nisa a duk tsirkiyoyin, jitar ba za ta taɓa zama daidai ba idan ka hau sama, sai dai ka tuna tsohuwar tsirkiya ma kan yi wannan ƙaryar. Murɗa kunnuwan ɗaurin shida, kada wani ya yi sako-sako ko ya riƙa komawa da kansa.

Tafi da abokin nan naka. Mai kaɗa jita ba ya jin abin da na gabansa ke ji, don haka ba shi ya kaɗa, kai ka ja baya taku huɗu ka saurara. In malam zai yarda ku fita da ita, ku biya ta shagon ku yi gwajin Lancaster naku: abokinka ya juya baya, ka kaɗa wannan ka kaɗa waccan, ya faɗi wacce ce kwalin. Mai yiwuwa ya gane, don tsakanin fuskar zalla da ta manni akwai abin ji. Mai yiwuwa kuma ya sha kunya. Ko yaya ta kaya, ka ji da kunnenka.

Idan ta malam ta faɗi, sayi sabuwar ba tare da jin ka gaza ba. Jitar manni daga kamfanin kirki, irin Yamaha F310 ko Cort AD810, ta raini makaɗa masu yawa, kuma za ka iya rataya ta a baya ka hau babur zuwa hira ba gabanka na faɗuwa ba. Masu fuskar zalla a matakin da ke sama da su kaɗan su ne irin Yamaha FG800, Fender CD-60S da Cort Earth 70. In ta malam ɗaya ce daga cikinsu, ka san abin da ke hannunka. Sai dai suna a kan jita ba shaida ba ne, jabu sun cika kasuwa daga nan har Yola da Kano. Leƙa ciki: ta gaske aikinta tsaf yake, ba gam da ya zuba ya daskare, ba sandar da aka bari da gashin zarto, kuma takardarta da lambarta a buge suke sarai. Duk gwajin da na lissafa ka yi wa sabuwar ma. In akwai uku iri ɗaya a shagon, sa a sauko da duka ukun, ba za su zo ɗaya ba. Ka kuma rungume ta a zaune ka ji. Babbar siffar nan mai faɗin kafaɗa da kamfanin Martin ya fito da ita tun 1916 ita ta cika shaguna, tana da ƙara, amma in kai ba mai tsawon hannu ba ce, mai ɗan matsattsen ƙugu za ta fi maka daɗin zama, musamman tunda da yatsu za ka fi kaɗawa.

Dubu 15 ko 25 da za su rage, kada ka kashe su a kan ado. Sayi tsirkiya saiti biyu, marasa kauri, masu lamba 11 ko 12, ba 13 ba. Suna sauƙaƙa wa yatsa, suna rage wa jaki ja. Sannan ga inda sana'arka za ta yi maka rana. Ɗinka mata jaka da kanka: yadi mai kauri a waje, soso a tsakiya, shafi na tampol ko leda mai kauri a ciki, da zif mai rufewa ruf. Jakar da ba ta shan iska ita ce rabin maganin hunturu. Ɗaya rabin shi ne ka sami robar sabulu mai murfi, ka huda murfin, ka jiƙa soson wanka ka matse shi har ya daina ɗiga, ka sa a ciki, ka ɗinka mata aljihu a cikin jakar kusa da wuya inda ba za ta taɓa katako ba. Duba shi duk bayan kwana biyu ko uku daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Da damina ta kankama sai ka cire shi, in ba haka ba fumfuna da tsatsa za su gaje wurin. Ka tambayi malam yadda shi yake ajiye ta. In a rataye take shekara 4 ba soso ba komai, to kada ka cika mata danshi dare ɗaya, a hankali za ka saba mata.

Kada ka rataye ta a bango don mutane su gani, kada ta kwana kusa da rufin kwano, kuma a shago ka nisanta ta da dutsen guga. Ajiye ta ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, in da randa a ɗakin ya fi, amma kada jakar ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, saboda gara. In ka gama kiɗa goge tsirkiya da ƙyalle busasshe, gumi da ƙura su ke kashe ta kafin lokacinta. In za ka yi tafiya da ita ko za ta daɗe ba a taɓa ba, sassauta ɗaurin kaɗan.

Za ka lura da rani tsirkiya na saukowa, da damina tana hawa. Haka katako yake numfashi, ba lalacewa ba ce. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa da ɗan makulli mai kusurwa shida, ta cikin ramin fuska ko ta wajen kai. Karɓi makullin wurin malam in yana nan. Aikinta gyara lanƙwasar wuya kawai, ba ita ke maganin kowace zuza ba. In ta kama a taɓa ta, kwatan zagaye ɗaya ake yi, a bar jitar ta kwana, a sake dubawa. In ka ji ta cije, tsaya nan, kada ka ce sai ta juya.